Ciwon Kafaɗar Maharbi: Maganin Yana Jikin Bakan

Idan a gidanku akwai mai shiga daji farauta, miji ne, ɗa ne ko ƙane, to maganar wannan mako taku ce.

Kantin maganin da nake aiki ba shi da nisa da Kasuwar Jalingo, kuma da zarar an gama girbi, hunturu ya kankama, mun san irin baƙin da za mu fara gani. Wannan ya dafe kafaɗa, wancan ya naɗe hannu da tsumma. Yawancin maharbanmu har yanzu bakan gargajiya suke riƙewa, ko bindigar toka. Amma a 'yan shekarun nan wani sabon baka ya fara shiga hannun samari, wanda ake yo odarsa ta intanet ko wani ya taho da gwanjonsa daga waje. Shi ne mai 'yan tayoyi sama da ƙasa, tsirkiyarsa ta sarƙe kamar saƙar gizo. Ba su yi yawa a gari ba tukuna, amma masu su kusan duk kuka ɗaya suke zuwa mini da shi: kafaɗa ta hana barci, a ba su ƙwaya mai ƙarfi. Wasu ma da sunanta suke nema, tiramadol.

Ni kuwa ba na bayarwa. Ba magani ba ne da ake sayarwa ba da takardar likita ba, kuma kowa ya ga inda ya kai samarinmu. Ko diklofenak da mutane suka mayar kamar gyaɗa, in aka daɗe ana sha yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Ga shi kuma ƙwayar ba za ta taɓa tushen ciwon ba. Tushen yana rataye a bangon ɗaki.

Na san haka ne saboda ƙanena yana cikin masu irin wannan baka. Gwanjo ya saya, babu takardar bayani, babu wanda zai nuna masa. Bayan sati biyu ko buta ba ya iya ɗagawa da hannun dama. Ya ce, "Yaya, ke da kika yi boko, ki duba mini mana." Na ce masa ni magani na karanta, ban karanta harbi ba. Amma na nemo littafin kamfanin a waya, muka zauna a tsakar gida muna bi shafi-shafi, shi da baka a cinya, ni da biro. Abin ya ɗauke mu kusan rani guda, kuma ban taɓa zaton zai yi kama da aikina haka ba.

Wani Ba'amurke ne mai suna Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Missouri, ya ƙirƙiro wannan baka. Ya nemi rajistar fasaharsa a 1966, aka ba shi a 1969. Hikimar tana cikin tayoyin nan. Bakan gargajiya, yadda kake ƙara ja haka yake ƙara tauri. Wannan kuwa taurinsa yana tsakiyar ja, kana kaiwa ƙarshe sai tayoyin su juya su ɗauke maka yawancin nauyin. Bakan da ƙarfin jansa ya kai fam 60, wato wajen kilo 27, in yana sauke kashi 80 cikin ɗari, fam 12 kawai za ka riƙe kana saiti. Wannan sauƙin ne ke yaudarar samari. Suna jin daɗin riƙewa, su manta cewa kafin a kai wurin sauƙin sai kafaɗa ta haye tudun fam 60 ɗin gaba ɗaya, kuma a kowace kibiya sai ta sake hawa.

Gwajin mai sauƙi ne, kuna iya sa mai gidan ya yi a gabanku, da kibiya a ɗane, yana fuskantar buhun yashi. Ya zauna a kujera, ya miƙa bakan gabansa, ya ja a hankali. In sai ya ɗaga bakan sama, ko ya murɗe baya, ko ya cije leɓe kafin ya kai ƙarshe, bakan ya fi ƙarfinsa. Na ƙanena a fam 70 yake, an saita shi ne don wani ƙato a wata ƙasa. Akwai manyan kusoshi biyu inda fikafikan bakan suka haɗu da mariƙi. Ana sassauta su da ɗan makullin nan mai kusurwa shida da kanikawa ke kira alanki, juyi ɗaya a sama, juyi ɗaya a ƙasa, daidai wa daida, kuma kada a wuce adadin juyin da kamfanin ya iyakance, domin kusa na iya kuɓucewa fiffike ya yi tsalle ya sami fuska. Mun saukar da shi zuwa 60, iyakar abin da bakan ya yarda. A kula wajen sayen alanki a layin masu kayan gyara: bakunan Amurka galibi ma'aunin inci ne, yawancin makullan kasuwarmu kuwa na milimita ne. In ya shiga yana rawa, a ajiye shi, zai cinye kan kusar ne.

Sai tsawon ja. Shi ma kamar ɗinki ne, kowa da awonsa. Mun ari tef ɗin tela, ya buɗe hannuwa, na auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, inci 70. Aka raba da 2.5, ya ba da 28. Bakan kuwa a 30 yake. Inci biyun nan su ke sa shi miƙe gwiwar hannu ƙiƙam, tsirkiya ta riƙa tsula masa bulala a cikin hannun hagu, wurin ya tara jini ya yi baƙi. Da aka matsar da saitin jikin tayoyin zuwa 28, bulalar ta tsaya. Wani baduku a kasuwa kuma ya ɗinka masa makarin hannu na fata a kuɗin da bai kai na kwalin man zafi ba.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne gwajin takarda. Ana ɗaure faffaɗar takarda a firam, buhun yashi a bayanta, maharbi ya tsaya kamar taku biyu ko uku ya harba. Yagewar takardar ita za ta faɗi gaskiyar bakan. In rami ne zagaye da 'yan tsagogin gashin kibiya kewaye da shi, kibiya na tafiya sak. In yagewar ta yi sama, wutsiyar kibiyar ce ke tashi, sai a ɗan sauke wurin da ake ɗana ta a tsirkiya, ko a ɗan ɗaga mazauninta. Ana fara gyara sama da ƙasa kafin a koma hagu da dama. Kowane gyara kuma bai wuce kaurin farce ba. Ƙanena mai gaggawa ne, so yake ya murɗa kusa uku lokaci guda. Na hana. Mai hawan jini in maganinsa bai kama ba, likita ba ya canja ƙwaya uku rana ɗaya, domin in an samu sauƙi ko an samu matsala ba a san wacce ta jawo ba. Abu ɗaya ake taɓawa, a rubuta, a gwada, a sake dubawa. Har yanzu littafin yana nan, da kwanan wata da yawan juyi, kamar katin asibiti.

Kawunmu tsohon maharbi ne, ya zo ya tarar da mu muna harbin takarda, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "'Yar nan, yaushe takarda ta zama gada?" Amma da ya karɓi bakan ya shafa tsirkiyar da yatsa, sai ya daina dariya, ya ce tana jin ƙishirwa. Gaskiya ya faɗa. Tasa tsirkiyar ta fata ce, wannan ta zaren roba ce mai ƙarfin gaske, amma duk biyun bushewa ke kashe su. In kun ga ta fara gashi-gashi, kaki take so. Akwai na kamfani, in babu kakin zuma mai tsabta yana yi. A goga kaɗan, a murza da yatsu har ya narke ya shige, a share ragowar don kada ƙurar hunturu ta manne. Ba a shafawa inda aka naɗe tsirkiyar da zare, ko inda take hawa taya. Baƙin mai, basilin da man shanu duk ba su da wuri a nan. Zare ɗaya ya tsinke, harbi ya ƙare sai an canja. Kuma canjin ba aikin gida ba ne. Kawu in ya dawo daji yana sassauta bakansa ya huta, wannan kuwa dare da rana a ɗaure yake, sai da matsi na musamman ake kwance shi. Kada a bari wani ya gwada da igiya da jak ɗin mota.

Zafi ma abokin gabarsa ne. Kun san Jalingo a watan Maris da Afrilu. Bakan da aka bari a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana, tsirkiyarsa na miƙewa, duk saitin da aka sha wahala a kai ya rushe.

Iyaye mata, ga wadda ta fi shafarku. Ba a taɓa jan wannan baka a sake shi babu kibiya. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma jikin bakan, tsirkiya ta tsinke, taya ta lanƙwashe, gutsattsari su watsu, ido kuwa yana nan kusa. Wa ke yin haka? Baƙon da ya gani ya ce bari ya gwada ƙarfinsa, da yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya faki idon mutane. Rataye shi a ƙusa a falo ba ajiya ba ce. Akwati da kwaɗo, makulli a hannun babba.

Kibiyar da ta yi rashin nauyi ma kusan haka take yi. Ƙa'idar masu ƙera bakan ita ce kowane fam ɗaya na ƙarfin ja ya samu aƙalla ƙwayar awo 5 na nauyin kibiya, wato baka mai fam 60 yana son kibiyar da ba ta gaza giram 19 da ɗoriya ba. Na yi murmushi da na ga wannan ma'auni, domin tsohon ma'aunin masu haɗa magani ne. Asfirin mai miligiram 300 da kuke saya, asalinsa ƙwayar awo 5 ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kyauron gargajiya ba na wannan baka ba ne. Kibiyoyin kamfani suna da tsada, ba a kuma samunsu a kasuwa, don haka zuciya na raya wa saurayi ya ɗana kyauro. Wannan baka yana tura kibiya wajen mita 90 a daƙiƙa ɗaya. Kyauro na iya fashewa tun bai bar baka ba, rabinsa ya shige bayan hannun da ke riƙe da mariƙi. Su kansu na kamfanin, masu jikin kabon, sai an duba su kafin kowane harbi: a ɗan lanƙwasa kusa da kunne ana juyawa, in an ji ƙas-ƙas a karya a jefar. Ni nakan ba ƙanena auduga ya shafa a jikinsu, in akwai tsaga sai ta kama. Sartsen kabon siriri ne kamar gashi, kuma sau da yawa ba ya fitowa a hoton asibiti, likita sai ya sha wuya kafin ya tsince shi.

Akwai abin da na roƙi kawu da kaina, ya kuma yarda: kada dafinsa ya kusanci kibiyoyin yaron nan. Dafin maharbanmu galibi daga 'ya'yan kwankwani ake dafa shi, kuma mun karanta shi a jami'a. Sinadarin cikinsa ɗan'uwan digozin ne, maganin zuciya da ake aunawa da taka-tsantsan saboda tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce. Wani likita a Jami'ar Edinbara, Thomas Fraser, shi ya shigar da irin wannan dafi na Afirka cikin magungunan zuciya a 1885. A jikin kibiya kuwa babu awo. Yana shiga jini ya birkita bugun zuciya, da amai da jiri, kuma tsufa ba ya saurin kashe ƙarfinsa. Tsohon kwari da aka gada, aka jefa bayan gado shekara da shekaru, kada yara su yi wasa da shi. Mai gwajin takarda yana taɓa tsinin kibiya sau da yawa a yini, yana zare ta daga buhu da hannu, ga kaifi kamar reza. Wanda zai shiga daji kuma ya tuna cewa Gashaka-Gumti gandu ne na gwamnatin tarayya, an haramta farauta a cikinsa, da dafi ko babu.

In kuma tsautsayi ya faɗa, kibiya ta shiga jikin mutum, kada a zare ta. Tana iya zama ita ce ta toshe jijiyar da ta huda, kunnuwanta kuma za su ƙara yaga nama wajen fita. A tallafe ta da tsumma mai tsabta ta kowane gefe don kada ta motsa, a danne gefen raunin in jini na zuba, kada a ba shi abinci ko ruwa don mai yiwuwa a yi masa tiyata. Ba toka, ba garin magani, ba tsayawa a kemis, har namu. A wuce kai tsaye Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke nan Jalingo. In ana zaton akwai dafi, a faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, a kuma tafi da sauran kibiyoyin kwarin a naɗe. Ko da raunin ƙarami ne, in mai zurfi ne ko ya taɓa ƙasa, a tambayi allurar tsinkau-tsinkau, musamman in an haura shekara 5 rabon mutum da ita ko bai taɓa kammala ta ba.