Tsafe, Gusau da Bunguɗu: Ƙasar da Makaɗi Yake Malami

Wanda ya baro Funtua ya nufi yamma, Tsafe ce babban garin Zamfara na farko da zai tarar, tana zaune a gindin duwatsunta. Ni dai tun kafin in ga garin na san sunansa, domin Musa Ɗanƙwairo ya riga ya kai shi kunnen duk Bahaushe da waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu. A tasha na ji muryar tana tashi daga wayar wani mai shayi, yara matasa suna amshi, alhali an haife su ne bayan rasuwarsa a 1991.

Abin da ya kama zuciyata a wannan ƙasa shi ne yadda suke ɗaukar kiɗan fada a matsayin ilimi mai malamai da ɗalibai. A Turai makaɗin fiyano yakan shekara da shekaru gaban malami, ya fita ya yi wasa a manyan zaure, daga baya jami'a ta ba shi aji. Zamfarawa sun daɗe da irin wannan tsari, sai dai ajinsu zauren gidan makaɗi ne. Ɗanƙwairo a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara, sannan ya bi yayansa Abdu Kurna yana karɓi, kafin ya ja tasa ƙungiyar har ta kai shi gaban Sardauna Ahmadu Bello. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koyi ɗaure kotso, ya koyi inda ake shiga amshi da inda ake yin shiru, ya haddace asalin sarakuna kaka da kakanni. Kuskure ɗaya a jerin kakannin sarki ya isa ya zubar da mutuncin ƙungiya a fada. Shi ya sa da makaɗin fada Sa'idu Faru yake kiran kansa malamin waƙa, ban ga wanda ya yi masa gardama ba.

Na wuce dutsen Kwatarkwashi na shiga Gusau, wadda ta zama hedikwatar jiha a 1996, ta kuma sami jami'ar tarayya a 2013. Ɗan garin nan ne Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya bi makaɗa gida-gida ya rubuta tarihinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarinsu a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Da irin wannan aiki ne waƙar da aka yi a ƙofar fada ta shiga ɗakin jarrabawa, ake samun digiri a kanta.

A Bunguɗu wani dattijo ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, sawun makaɗa nake bi." Ya ce, "To ɗana, ka zo gida." Ya nuna mini hanyar Rawayya, mahaifar Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rayu har 1973. Dattijon ya yi ta ba ni labarin yadda ake kaɗa taushi da yatsu, yana gwadawa a kan gwiwarsa, har direbanmu ya leƙo ya ce mu tashi, domin a wannan zamani ba a son dare ya riski matafiyi a hanyar Zamfara.