Kakar Ndubuisi Egbo A Tirana, Kamar Yadda Na Bi Ta Daga Jakusko

Duk wanda ya zauna a Jakusko, ko Gashuwa, ko Nguru, ya san yadda gidajen kallon ƙwallo ke cika ranar Asabar da Lahadi. Samarinmu sun haddace sunayen masu koyar da 'yan wasa na Ingila da Sifen kamar na dangin mahaifiyarsu. Amma a shekarar 2020, sa'ad da wani ɗan Nijeriya ya ci gasar wata ƙasa ta Turai yana shugabantar ƙungiya, ba a nuna ko wasa ɗaya nasa a majigin garinmu ba. Ni dai a wayar hannu na riƙa bin labarinsa, kuma abin da na gani shi nake so in faɗa wa mai karatu.

Sunan mutumin Ndubuisi Egbo, tsohon mai tsaron gida na Super Eagles. Ya yi wasa a Masar da Afirka ta Kudu, sa'an nan ya tsare wa ƙungiyar Tirana ta ƙasar Albaniya gida daga 2001 zuwa 2004. Bayan ya daina wasa ya koma ƙungiyar yana koyar da masu tsaron gida. Cikin Disamba 2019, lokacin da al'amuran ƙungiyar suka taɓarɓare, aka ɗanka masa ragamarta. Albaniya ƙasa ce ƙarama, mutanenta ba su kai miliyan uku ba, gasarta kuma ƙungiyoyi 10 ne, kowace tana buga wasa 36. Duk da haka ƙasar Turai ce, kuma kafin shi ba a taɓa jin baƙar fata ɗan Afirka ya ci gasar wata ƙasa a can yana mai koyarwa ba. Annobar korona ta tsayar da wasa cikin Maris, aka koma cikin Yuni, a watan Yuli kuwa Tirana ta ɗauki kofinta na 25, daidai shekarar da ta cika shekara ɗari da kafuwa.

Ashe gwajin gaske yana gaba, watau farkon kaka ta biyu. Cikin Agusta 2020 aka haɗa su da Dinamo Tbilisi ta ƙasar Jojiya a wasan share fagen Gasar Zakarun Turai. Saboda annoba wasa ɗaya tak aka yi, ba gida da waje ba, kuma a gidan abokan karawa. Tirana ta ci biyu da nema. A daren nan na yi ta nuna wa abokan hira sakamakon a waya, waɗansu na tambaya ko Albaniya a Asiya take. Mako na gaba Red Star ta Sabiya, wadda ta taɓa cin kofin Turai a 1991, ta fitar da su da ci ɗaya mai ban haushi. Daga nan suka faɗa gasar Europa, inda Young Boys ta Suwizalan ta ci su uku da nema. Gasar cikin gida kuwa ba ta fara ba sai Nuwamba, domin ƙungiyoyi sun ƙaurace wa wasa bisa wata taƙaddama da gwamnati. Ba a yi nisa da farawa ba, a cikin watan nan na Nuwamba, aka sallame shi. Wata huɗu kawai tsakanin ɗaukar kofi da ɗaukar jaka.

Mun yi gardama mai tsawo a majalisarmu kan wannan. Waɗansu suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma masu ƙungiya ba za su zauna suna kallo har kaka ta lalace ba. Lalle maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama kuɗin shiga gasar Turai shi ne abincin ƙananan ƙungiyoyi, wanda ya rasa shi ya rasa 'yan wasansa. Amma ni ɗan manoma ne. A ƙasar Bade ba a yanke wa gona hukunci da ganin tsiro. Sau nawa gero yake yin yaushi a farkon damina, a fid da rai, sa'an nan ruwan Agusta ya tashe shi? Mutumin da ya ɗauki ƙungiya tana tangal-tangal ya kai ta ga kofi cikin wata bakwai ya cancanci a jira shi har a ga zangarniya.

Ba kuwa shi kaɗai abin ya taɓa sama ba. Marigayi Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin Kofin Duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, aka kore shi kafin a tafi Jamus. Claudio Ranieri ya ci gasar Ingila da Leicester a 2016, aka sallame shi cikin Fabrairu 2017. Wannan ya nuna ba launin fata kaɗai ne ke kawo kora ba, halin sana'ar ke nan. Bambancin dai shi ne, Bature idan aka kore shi ƙofofi da yawa na jiransa, namu kuwa ƙofa ɗaya ce aka buɗe masa da ƙyar.

Abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne mu kanmu. Muna iya kwana muna musu kan wanda ya kamata ya koyar da Arsenal ko Chelsea, amma namu da ya kafa tarihi kaɗan ne a cikinmu suka san sunansa. Haka kuma muke yi wa masu koyarwa na gida, daga Yobe Desert Stars har ƙungiyoyin unguwa: wasa uku ba nasara, sai zagi. Haka muke yi wa sabon malamin makaranta da sabon limami. Idan muna so 'ya'yanmu su riƙe manyan ayyuka a ƙasashen waje, sai mu fara koyon haƙuri da su tun suna gabanmu. Allah Ya ba mu ikon yi wa kowa adalci a kan aikinsa, amin.