Salon Mutum a Cikin Kundinsa

Kalmar kundi tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Malamin zaure yakan tara fa'idoji da addu'o'i a warwatsattsun takardu, ya adana su cikin gafaka, kuma da wuya a sami kundin malamai biyu da suka zo iri ɗaya. Turawa ma suna da nasu kundin, wato littafi mai fararen shafuka wanda ake manna wa hotuna da wasiƙu da katunan gayyata da labaran da aka yanko daga jarida, domin tunawa da baya.

Wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai a Amurka. A shekarar 1873 marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani kundi da ya ƙirƙiro, mai shafukan da aka riga aka shafa wa danƙo, sai dai mutum ya ɗan jiƙa ya manna. A 1980 wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kolin kundaye 50 na tarihin iyalinta a birnin Salt Lake, a 1981 kuma ta buɗe kantin sayar da kayan wannan aiki a jihar Utah. Daga nan abin ya zama babbar kasuwa ta takardu masu zane da tambura da sauran kayan ƙawa. Sai dai wannan sauƙi yana da tarko. Wanda ya sayi adon da kowa ya saya, ya bi tsarin da ya gani a mujalla, zai wayi gari da kundi mai kyau wanda jikokinsa ba za su gane shi a ciki ba. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Masu nazarin harshe sukan ce salo zaɓi ne, wato ɗaukar wata kalma da barin 'yar'uwarta. Haka abin yake ga kundi, kuma rayuwar Alexander Gumby ta isa misali. Baƙar fata ne da aka haifa a jihar Maryland a 1885, ya zauna a unguwar Harlem ta birnin New York, yana ƙananan ayyukan hidima. Ya ɗauri aniyar tattara tarihin baƙaƙen fatar Amurka, wanda littattafan makaranta na zamaninsa ba su cika kulawa da shi ba. Ya riƙa ware kundi ga mutum guda ko batu guda, kamar ɗan dambe Joe Louis da malamin nan Booker T. Washington. A 1950 ya miƙa tarin ga Jami'ar Columbia, inda manazarta suke amfana da shi. Darajar aikinsa ta fito ne daga sanin abin da ya dame shi, da tsayawa a kansa shekara da shekaru.

Saboda haka mai neman salonsa yana da abubuwa uku da zai duba. Na farko, abin da hannunsa yake ƙin jefarwa, ko da rasit ne ko tsohuwar wasiƙa, domin a nan zuciyarsa take. Na biyu, tsarin da ya dace da tunaninsa: wani yakan bi shekaru, wani mutane, wani wurare. Na uku, bayanin da zai rubuta da hannunsa a ƙarƙashin kowane abu, tare da suna da kwanan wata, domin hoton da ba shi da bayani yakan zama baƙo da zarar waɗanda suka san shi sun ƙaura. Ya kuma kula da kayan aiki. Takardar jarida takan ja ta yi rauni saboda sinadaran da ke cikinta, salatif kuma yakan bar tabo, don haka gara a nemi takarda marar asid.

Akwai darasi a nan ga malamin gobe. Idan ya sa ɗalibai arba'in haɗa kundi, suka kawo masa abu iri ɗaya, to nasa salon suka kwaikwaya don neman maki. Aikinsa shi ne ya koya musu tsafta da rubuta kwanan wata da faɗin inda aka samo abu, sannan ya bar wa kowane yaro zaɓin abin da zai manna. Yaron da ya saba da wannan zaɓi tun yana riƙe da almakashi, ba zai rasa abin faɗa ba ranar da aka ce ya rubuta insha'i.