Ba Tsufa Ba Ne, Hanya Ce Ta Yi Ciyawa

An gama ɗaurin hatsi, an sake buɗe ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa. Wani magidanci ya dawo ya zauna bisa tabarmarsa. Kafin shuka yana rubuta sunansa da na ɗiyansa, yana lissafi har ɗari. Ran nan aka rubuta "taki" a allo, ya daɗe yana kallo bai gane ba. Samari suka yi dariya. Ya naɗe littafinsa ya ce: "Malam, kan tsoho ba ya riƙe karatu. Gara in koma ga garkata."

Alhali shi ne ya rantse ba zai ƙara dangwala yatsa bisa takardar bashin taki ba, sai ya karanta abin da ke cikinta.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mutumin nan bai yi wa kansa adalci ba. Masana sun daɗe suna binciken mantuwa. A ƙasar Jamus an yi wani malami, Hermann Ebbinghaus, wanda ya gwada abin a kan kansa. Yakan haddace jerin ƴan gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya bar su, ya dawo ya auna abin da ya rage. Ya fitar da littafinsa a 1885. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya sai ta rage sauri. Kuma shi ba tsoho ba ne, bai kai shekara 40 ba, ga ilimi. To, ina ga wanda ya yi wata biyar tsakanin noma da girbi bai buɗe littafi ba?

Amma ga abin da ya fi daɗin ji. Abin da aka manta bai tafi duka ba. Ko bayan wata guda, sake koyo bai ci masa lokaci kamar na farko ba. Kamar hanyar gona ce: in damina ta rufe ta da ciyawa, sawun yana nan a ƙasa, share ta ya fi buɗe sabuwa sauƙi. Ya kuma ga maimaici 38 da aka raba cikin kwana 3 ya yi aikin maimaici 68 na rana ɗaya.

A nan Nijar ma an gwada. Daga 2009, wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta sun bi azuzuwan manya a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. Karatu iri ɗaya ne ko'ina, sai dai a rabin ƙauyukan an ƙara koya wa mutane aiki da salula: danna lamba, rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, su suka fi sauran a rubutu da lissafi. Wata 7 bayan rufe aji, har yanzu suna gaba a lissafi. Ba salular ce mai wayo ba. Mai ita ne kullum yake taɓa baƙaƙe, ko da tambayar kuɗin wake a kasuwa ce.

Magidancin nan dai bai tafi ba, ƙanensa ya riƙe shi. Cikin kwana 10 ya kamo inda ya tsaya, abin da ya ci masa wata biyu a bara. Yanzu kowace safiya, kafin ya tafi ban ruwa, yakan tsuguna ya rubuta kalma 3 da tsinke bisa yashi. Ranar kasuwar Ɗan Isa ya karanta rubutun da ke jikin buhun taki da ƙarfi, har mai shago ya ce: "Alhaji, yaushe ka zama malami?"