Lissafin allurar Alhaji

Akwai wani alhaji ɗan kasuwar albasa a Madawa, mutum ne mai iya lissafin lodin mota da ka, ya shekara goma yana yi ma kansa allurar insulin. Ɗansa ya zo hutu daga Yamai, ya sa masa wata manhaja cikin salula: a rubuta mata awon sukarin jini da abincin da za a ci, ita ko ta faɗi yawan maganin da za a zuƙa. Alhaji ya yi murna, don kuwa ya gaji da kintace.

Ana nan sai na'urarsa ta awo ta lalace, ya sayo wata a kasuwar Illela. Da asuba ta nuna masa 9. Shi kuwa ya saba da awon likitocinmu, irin na Faransa, giram cikin lita, inda 1,26 kafin karin kumallo shi ne iyakar da ake cewa ciwon ya kama mutum. Sabuwar na'urar da milimol take ƙirga. 9 ɗinta bai wuce giram 1,62 ba. Da ya rubuta 9 a wurin giram, kuma manhajar ta karɓa, da ta ba shi allurar da za ta kayar da sukarinsa har ya suma. Hankalin ɗan kasuwa ya cece shi: lambar da ta ninka ta jiya sau biyar ba abin yarda ba ce. Ya aje allura, ya tafi wajen lokotoro.

Dabarar kanta ba ta da laifi. A Faransa an gwada irinta mai suna Diabeo, ta kuma yi amfani, amma can akwai likita da ke bin lambobin daga nesa. Manhajar Alhaji ta san burodi da taliya, ba ta san ludayin fura ba, balle tuwon gero ko azumin watan Ramadana. Ba ta tambaya ko sirinjin ya dace da kwalbar, alhali akwai insulin mai ƙarfin 40, akwai mai ƙarfin 100, kuma haɗa sirinjin wannan da kwalbar waccan yana sauya adadin ninki biyu da rabi.

Sai zafi. A 2021 ƙungiyar MSF da jami'ar Janeba suka nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana jure zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har sati huɗu. Amma bazarar Adar tana wuce 40, kuma mai ciwo a ƙauyukan Buza ko Keita ba firiji gare shi ba, sai gindin randa.

Alhaji bai goge manhajar ba. Ya dai sayi littafi irin na bashi, yana rubuta awo da allura da abin da ya ci, yana kai ma lokotoro kowane wata.