Na Koma Damagaram da Kamara a Wuya

A watan Satumba na 2024, ina zaune a Yamai, labari ya iske ni cewa ruwan sama ya kada tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. A daren nan na sauko da akwatin ƙarfen da na yi shekaru ban buɗe ba. Cikin tarin takardu na sami hoton masallacin, wanda na ɗauka da hannuna a 1991. Ƙarƙashinsa kuma ga kamarata Yashica, naɗe cikin tsumma.

Ma'aikata da 'yan kasuwa na zamaninmu sun san dalilin ajiye ta. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Fim mai hoto 36 da kuɗin wanki suka yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa sai a share watanni ba a ga ƙeyarsa ba. Tsakanin fim da buhun hatsi, mai iyali ba shi da zaɓi. Haka shekara 30 ta wuce.

Na zagaya shagunan hoto ban sami mai fim ba, sai ɗiyata ta ara mini tata kamarar ta zamani. Da hunturu ya shigo na kama hanya, wajen kilomita 900: Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, sai Damagaram cikin dare.

Birni yana nan tsakanin manyan duwatsunsa, da lungunan da mota ba ta shiga. Dogarai masu ja da kore suna ƙofar fada. Na ganuwar da aka ɗaukaka a zamanin Sarki Tanimu, guntaye kawai suka rage. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Turawa suka mai da mulki Yamai. A unguwar Zango kuwa, inda ayarin Abzin da fataken Tarabulus suke sauka a da, attajirai sun bar gidaje masu zankwaye da zayyana a fuskar zaure, kowane yana shelar arzikin mai shi.

Hannu ya manta, amma ido bai manta ba. Zayyana ba ta son rana tsaka, domin haske yana shafe ta. Sai da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da rana ta bugi bango a kaikaice, kowane zane yake fitowa da inuwarsa. Kamarar ɗiyata tana ɗaukar dubbai, amma tarbiyyar fim ta hana ni gaggawa: nakan tsaya, in jira mai jaki ya gifta, kana in latsa sau ɗaya. Ban kuma ɗauki ƙofar kowa ba sai da na yi sallama na nemi izini.

Wajen neman izinin ne na gamu da wani tsohon magini a zaurensa. Na ce, "Baba, me ke cin gidajen nan?" Ya ce, "Malam, ginin ƙasa kamar doki ne, sai da kiwo. Da, kowace shekara kafin damina akan yi yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo. Yau azarar giginya ta yi tsada, yaranmu sun koma siminti da kwano. Wanda ya iya zayyana a unguwar nan, yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga mu."

Da la'asar muka tafi tare wurin da masallacin ya zube. Na fito da hoton 1991 na miƙa wa dattawan da ke zaune. Ya bi hannu-hannu, ba mai magana. Can wani ya ɗora yatsa kan wani mutum mai buta a gefen hoton, wanda ni ban taɓa kula da shi ba, ya ce, "Wannan wana ne, Allah ya ji ƙansa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya." Na bar masa hoton. Abin da na ɗauka don nishaɗi ya zama gadon wasu.

Don haka, ya ku masu karatu, ɗan kasuwa mai ratsa garuruwa da ma'aikacin da ake aikawa jiha-jiha, yau kowa da kamara cikin salularsa. Ku ɗauki tsohuwar kasuwa, da rijiya, da zauren kakanninku. Ku wanke su a takarda, domin salula tana ɓata, ku rubuta wuri da shekara da sunaye a baya. Ni dai na dawo Yamai da hoto 36, kamar dā, kuma Tawa nake nufa in Allah ya kai mu. Allah shi ba mu damina mai albarka, wadda ba ta rushe gida.