Gure, Inda Doki Bai Zama Kayan Sallah Kaɗai Ba

Daga Damagaram zuwa Gure tafiyar kusan kilomita 170 ce a kan kwaltar da ta miƙe gabas zuwa Difa. Za ka wuce Mirya da lambunanta, ka wuce Gidimuni da tafkinta, ka wuce Gidigir, ƙasa kuwa tana ta sauya kama a gaban idonka. Itatuwa su yi ta raguwa, sai aduwa da ƙaya da tumfafiya. Tuddan rairayi su fara ɗago kai, can ƙasa a cikin kwari kuma ka hango goruba da dabino sun yi cincirindo wuri ɗaya. Kafin ka kai gari, duwatsu ne ke fara tarbarka. Mai kula kuma zai ga wani abu a gefen hanya: sawun kofato a kan yashi, wani lokacin ma da mai shi, dattijo da rawani bisa ɗan dokinsa, ya nufi wani ƙauye ba ya gaggawa.

Gure ba baƙuwar doki ba ce. Nan ne zuciyar ƙasar Muniyo, ƙasar Mangawa, wadda a da take bin Barno. Sarkinta ana ce masa Muniyoma, kuma Muniyoma Koso ne ya baro tsohuwar hedkwata Bune ya dawo da gadon sarauta Gure. A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta nan daga Kukawa zai tafi Damagaram, tare da shi har da yaron nan Bahaushe, Dorugu. Barth ya gana da Koso, ya kuma rubuta cewa Muniyoma na iya fitar da mahaya kusan 1,500 ranar yaƙi, ban da dubban maharba. Duk wanda ya taɓa ciyar da doki ɗaya daga kaka zuwa damina ya san abin da wannan adadi yake nufi a ƙasar da ruwan samanta bai taka kara ya karya ba. Arzikin kanwa da gishirin mangul da fatake ke ɗauka zuwa kasuwannin ƙasar Hausa yana cikin abin da ya riƙe wannan ƙarfi. Daga baya Damagaram ta yi ƙarfi zamanin Sarki Tanimun ta rinjayi Muniyo, sannan Faransawa suka zo. Sarautu sun juya, doki bai bar turkensa ba.

Abin da ya kai ni Gure ke nan. Na tashi a gidan da ake ɗaure doki. Kakana yana da wani akawal, kuma tun ban isa hawa ba ni ne mai kai masa harawa, ni ne mai riƙe ragama idan za a ɗaura sirdi. Da kakan ya rasu aka sayar da dokin, boko da neman abinci suka ja ni birni, shekaru suka yi ta tafiya. Son bai mutu ba. Duk hawan sallah ina bakin hanya, idona ba ya kan alkyabba ko laima, yana kan ƙafafun dawakin da yadda mahayi ya riƙe linzami. Sai da furfura ta fara fito mini na ga cewa kallo ba zai ishe ni ba.

Wani abokin aikina ɗan garin ne ya haɗa ni da kawunsa, Bamange mai dawaki a wani ƙauye kusa da Gure. Gidan dannin kara ne, turakun suna ƙarƙashin rumfa, an share wurin tas an zuba sabon rairayi. Akwai goɗiya da dukushinta, akwai kuma kili namiji. Ba irin manyan ingarmun nan na fada ba ne da ake cika wa ciki don kwalliyar rana ɗaya. Dokin wannan yanki gajere ne, ƙirjinsa a tattare, ƙafarsa siririya, kofatonsa da tauri, ba a yi masa takalmin ƙarfe don yashi ba ya cin kofato. Yana jure ƙishi, yana jure tafiya.

Da na faɗa wa dattijon buƙatata, bai ce mini in hau ba. Ya miƙo mini tsumma.

"Ɗana, fara goge shi tukuna. Bari ya san warinka."

"To, Baba."

Na fara daga wuya na gangaro kafaɗa. Fatar tana motsi a ƙarƙashin hannuna duk inda ƙuda ya sauka. A wutsiya da gezar akwai ƙarangiya, wadda ta cika dajin nan, sai da na zauna na tsince ta ɗaya bayan ɗaya, tana soka mini yatsu. Kilin ya juyo ya shinshina kafaɗata, ya huro iska mai ɗumi, ya mayar da kansa cikin ƙwaryar dusa. Dusar an dama ta da ruwa an saka ƴar kanwa, kanwar da aka haƙo a kwarin da ke bayan garin. Da yamma kuma akwai gero. A gidan da ake auna tuwon yara da tsanaki, mudun geron doki ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, kuma dattijon bai taɓa ambatonta a matsayin asara ba.

Washegari da sassafe aka ɗaura sirdi. Sirdin gargajiya ne mai doguwar kwacciya gaba da baya, an shimfiɗa jalala a ƙasa, aka ja majayi har sai da dokin ya ɗan yi nishi. Na sa ƙafar hagu a likkafa na ɗaga. Abin da jiki ya koya da ƙuruciya ashe yana nan a ajiye: gwiwa ta san inda za ta kama, baya ya san yadda zai bi motsi. Abin da ya tafi shi ne ƙarfin cinya da sakin zuciya. Yaro yana hawa bai san faɗuwa ba, babba kuwa yana hawa da tunanin iyalinsa da ƙashinsa, doki kuma yana jin wannan tsoro ta cikin linzami. Dattijon yana kan goɗiya a gefena, ya dubi hannuna ya ce, "Sassauta masa. Linzaminmu yana da zafi, da yatsa ake magana da shi, ba da dantse ba." Na sassauta. Nan take kunnuwan kilin suka miƙe gaba, tafiyarsa ta daidaita.

Muka bi ta tsakanin gonakin da aka girbe, muka hau wani tudun rairayi. Daga samansa sai ga kwari a ƙarƙashinmu kamar akushi da aka ajiye cikin yashi, gefensa goruba, ciki dabino, tsakiya kuma lambuna da farin wuri inda kanwa ke fitowa. Iska ta yi sanyi da muka gangara. Mata suna ɗiban ruwa a rijiyar da ba ta da zurfi, wani manomi yana ban ruwan albasa da rogo. A dawowa, a wani fili mai laushi, dattijon ya ce in ba shi kai. Kilin ya ɗauki sassarfa, ya zarce sukuwa, iska ta cika mini riga. Ban iya bayyana daɗin da na ji ba, sai dai na san na yi ta hamdala har muka isa gida, cinyoyina na rawa.

Ba zan ɓoye damuwar da na gani ba. Rairayi yana tafiya, yana cinye kwaruruka da makiyaya, shi ya sa za ka ga an kakkafa shingen rassa a kan tuddai ana dasa itatuwa don a tsayar da shi. Farin 1973 da na 1984 sun karya garken mutane da yawa a wannan yanki, wasu gidajen ba su sake ɗaura doki ba tun daga lokacin. Da rani harawa tana tsada. Ga babur ya shigo, ba ya cin gero ranar da ba a hau shi ba, kuma matashi ba shi da laifi in ya zaɓe shi. Masu sassaƙa sirdi da dukawan da ke ɗinka kayan doki yawancinsu sun manyanta. Duk da haka, a nan doki yana zuwa kasuwa, yana zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, yana bin sawun raƙumin da ya ɓata a inda mota ba ta shiga. Ranar sallah ko naɗin sarauta samari suna fitowa su yi sukuwa da zamiya a gaban manya, kuma ka ga mahayan da suka san dabbarsu, ba waɗanda suka yi haya da safe ba. A ganina wannan ya fi duk wani ado daraja.

Kai da ka bar hawa tun ƙuruciya kana ganin lokaci ya wuce, bai wuce ba. Ka je bayan kaka, lokacin sanyi, sa'ad da harawa take da yawa dawaki kuma suka murmure. Ka nemi mai doki ta hannun wanda ya san shi, ka fara da tafiya a hankali kafin ka nemi sukuwa, ka saurari abin da dattijo zai gaya maka. In za ka tafi kuma, kada ka je hannu rabbana: ka riƙe wa mai gidan buhun gero ko damin harawa, domin da su ake riƙe dokin da za ka hau.